Tukunya Mai Mariƙin Sifana

Ku matso, masu karanta ni. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto mini cewa in daina wulaƙanta Aymeric, wai miji mai kwat ba kullum yake ƙwanƙwasa ƙofa ba, na ga saƙonki. Ki karanta na yau. Idan har yanzu kina sonsa, turo adireshi in aiko miki da shi har da laktayensa.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Solène, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji uku a firamare, kuma har yanzu a ɗakin da aka yaye ni nake kwana, don albashin malami da hayar gida sun daɗe da daina gaisawa. Ƙanena ɗaya ne, Tanguy. Da aka rufe masana'antar tarago inda Papa ya yi shekara talatin da ɗaya yana walda, Tanguy ya yi ta yawo da takardu har takalminsa ya ƙare, daga ƙarshe ya shiga soja. Wata bakwai ke nan yana can ƙetaren teku, a yaƙin da shugaban ƙasa ya rantse mana na sati shida ne. Shi kuwa Aymeric mai riƙe wa ɗan majalisarmu jaka ne, shi ke rubuta masa abin da zai faɗa, jam'iyyarsu ɗaya da shugaban. A bikin wata abokiyar aikina ya gan ni ya liƙe mini kamar kaska. Ban taɓa cewa ina so ba. Amma ranar da ya furta a gaban Maman, wato mahaifiyata, cewa ubangidansa zai iya sa hannu a wata takarda a dawo da Tanguy barikin da ke kusa da mu, daga ranar ya zama ɗan gida, ni na koma baƙuwa.

Lahadin nan aka gayyato shi cin abincin rana. Tun ƙarfe takwas wayata ta fara ƙugi.

"Barka da asuba, tauraruwata. Ƙarfe ɗaya daidai zan iso."

Na kife wayar, ta sake ƙugi.

"Wane fure Madame mahaifiyarki take so?"

"Wanda ba a ƙara wa haraji ba," na rubuta.

Ya turo mini fuskar dariya har uku. Haka yake, ko marinsa ka yi da magana sai ya ɗauka shafa ce.

Na sauko kicin na tarar da Maman ta duƙufa tana goge tukunyar Mamie da lemon tsami da gishiri. Sai na gabatar muku da tukunyar nan, don ta fi wasu 'yan gidan daraja. Ta tagulla ce, ta kakata ce, Allah ya ji ƙanta. Shekarar da aka haife ni mariƙinta ya karye, Papa ya ɗauko wata ƙatuwar sifana daga wurin aiki ya yi mata walda a madadinsa. A cikinta ake dafa naman maraƙin Lahadi da farar miya, kuma a cikinta ake kawo shi tsakiyar tebur. A gidanmu juye naman nan a wani kwano cin mutuncin mamaciya ne.

"Me ya sami hannunki?" na tambaya, ganin ta naɗe wuyan hannun dama da bandeji.

"Dutsen guga ne ya taɓa ni. Shuɗiyar rigar nan za ki saka, ba wannan wandon na masu yajin aiki ba."

"Maman, abinci zai ci ko ni zai ci?"

"Ki iya bakinki, Solène. Kin san dokar gidan nan, babu siyasa sai an kawo cuku a ƙarshen abinci. Yau kam ko an kawo cukun babu. Na gaya wa ubanki, ke ma na gaya miki. Idan ya ce shugaban ƙasa ne ya halicci teku, ku ce masa madalla."

"Ko kunya..."

"Kunya ba ta dawo da ɗa gida."

Na ja tsaki a ciki na haye sama. Ba zan ɓoye muku ba, a safiyar nan raina mahaifiyata na yi. Matar da ta taɓa korar mai karanta mita da tsintsiya, yau ita ce ke goge cokula don yaron da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Na san don tuwon gobe ake wanke tukunya, amma wannan wanki ya yi yawa.

Abin da ya ƙara mini haushinta shi ne ranar Alhamis. Ranar ce shugaban ƙasa ya zo garinmu yanka ƙyalle, wai ya buɗe wani ƙaton sito a daidai filin da masana'antar su Papa take a da. Mutum dubu biyu aka sallama a wurin, aka ɗauki tamanin su riƙa lodin kwali, shi ne ake kira ci gaba. Hukuma ta fitar da doka cewa kada kowa ya kusanci wurin da tukunya ko murfi, don sun san duk inda ya sa ƙafa da kiɗan tukwane muke tararsa. Na ɓoye murfi a cikin rigar sanyi na bi abokan aikina, Papa ya bi 'yan ƙungiyarsu ta ƙwadago. Can bakin gada aka tare mu gaba ɗaya, muka sha barkonon tsohuwa muka dawo, ko ƙeyar shugaban ba mu hango ba. Maman kuwa cewa ta yi, "Ku dai ku je ku jawo mana," ta ɗauki babbar jakarta ta ce ta tafi gyaran gashi. Da yamma ta dawo da gashinta yadda ya tafi, na ce a raina har mai gyaran gashin ma ta shiga yajin aiki.

Ƙarfe ɗaya daidai ƙararrawa ta yi ƙara. Kowane ɗan mutunci ya san ana ƙara wa matar gida minti goma sha biyar ta kimtsa, amma ban da Aymeric. Ya shigo cikin kwat ruwan toka, takalmi mai tsini yana ƙyalli, gashi a kwance kamar saniya ta lashe shi, turarensa ya riga shi shiga falo. Fure a hannu ɗaya, kwalbar ruwan inabi a ɗaya.

"Madame Kerbrat! Kullum ƙara yarinta kike yi."

"Kai, Aymeric, ban da zolaya. Shigo, shigo, gidanku ne."

Ta ba shi kumatu biyu ya sumbata, yadda ake gaisuwa a nan. Ni na ba shi ɗaya da rabi. Papa ya miƙa masa hannu ya matse har na ji yatsunsa sun yi ƙara.

Aka zauna, aka fara da ganye da dafaffen ƙwai. Mu dai mun riƙe doka. Shi da kansa ya karya ta, tun bai gama yagar burodinsa ba.

"Monsieur Kerbrat, ka ga alƙaluman da suka fito jiya? Ayyuka dubu ɗari huɗu a shekara uku. Ba a taɓa yin shugaban da ya yi haka ba."

Papa ya tauna ƙwansa a hankali. "Na san ayyukan. Uku daga ciki ni na yi su."

"Ka gani!"

"Sati shida-shida. Na ɗaya gadi, na biyu sharar kanti, na uku rabon takardar talla. Idan suka sake kirana gobe, sai ku rubuta dubu ɗari huɗu da ɗaya."

"Hervé," in ji Maman tana hararar Papa, "miƙo wa baƙo man shanu."

"A hankali dai za a shafa," in ji Papa. "Tattalin arziki ya haɓaka har man shanu ya fi ƙarfinmu."

Aymeric ya yi irin murmushin da likita ke yi wa mahaukaci. "Na fahimta, akwai raɗaɗi. Amma idan mutum ya kalli babban hoton..."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yaro."

Da ya yi shiru a nan da an rabu lafiya. Ina! Sai ya juya kan yaƙi, ya dafa ƙirji, ya ce duk dare da tunanin jarumai irin Tanguy yake kwana, kuma tarihi zai wanke shugaban ƙasa. Jama'a, na yi ƙoƙari. Na ciji leɓe, na ƙirga furannin da ke jikin labule. Bakin ne ya ƙi.

"Tuna mini, don me ma aka tafi?"

"Kin sani ai, tauraruwata. Don tsaron ƙasa."

"A'a, wannan na watan jiya ne. Da farko cewa aka yi za a ceto mutanenmu da aka kama. Aka ceto su a sati na biyu. Sai aka ce don hanyar jiragen ruwa. Yanzu kuma wai idan aka janye, waɗanda suka mutu sun mutu a banza, don haka a ƙara tura wasu. Sau uku ana canja mana dalili, akwatunan da ake saukewa a filin jirgi kuwa iri ɗaya ne."

"Abin ya fi haka sarƙaƙiya."

"Kai ka rubuta na biyun ko na ukun?"

Takalmin Maman ya sauka a ƙaurina ta ƙarƙashin tebur. Ta miƙe fuskarta ja wur, ta tattara farantai. "Bari in duba nama," ta ce, ta shige kicin ta turo ƙofa.

Aymeric ya gyara laktaye ya sha ruwan inabi. "Kin ga, matsalarku ke nan ku masu zanga-zanga. Ba ku da hujja sai hayaniya. Bari in ba ku labarin Alhamis ku sha dariya. Ina tsaye taku biyar daga shugaban ƙasa, ya ɗaga almakashi ke nan zai yanka ƙyalle, sai ga wata mahaukaciya ta ɓullo ta bayan motocin lodi, Allah kaɗai ya san ta ina ta bi. Ta naɗe fuska da mayafin wuya, ta zaro tukunya daga jaka ta hau duka da ludayi. Kwam! Kwam! Kwam! Minti biyu cur ba a jin ko kalma ɗaya. Gidajen talabijin duk suka yanke jawabin. Ubangidana ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, a mazaɓarsa fa! Kafin 'yan sanda su zagayo ta sulale. Ya ce idan ya gano ko wace ce, ita da danginta sun ga ta kansu."

"Allah ya yi mata albarka," in ji Papa.

"Ku tsaya ku ji abin dariyar. Talauci har a tukunya! Ta tagulla ce, amma kun san mene ne mariƙinta? Sifana! Wallahi sifana aka liƙa mata."

Ya ƙyalƙyale shi kaɗai. Cokalin Papa ya tsaya a iska. Ya juyo ya zuba mini ido, ni ma na zuba masa. Idonsa na cewa ke ce? Nawa na cewa ai tare muka sha hayaƙi a bakin gada. Sai na tuna babbar jaka, da gashin da ba a gyara ba, da bandejin guga.

Na yunƙura zan ruga kicin, amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Ƙofa ta buɗe, Maman ta fito da fara'arta, tururi na tashi, ta riƙo tukunyar Mamie da tsumma, sifanar nan ta sha guga tana walƙiya. Ta dire ta a tsakiyar tebur, mariƙin na kallon Aymeric.

"Ga shi nan, yadda mahaifiyata take yi. Miƙo farantinka, ɗana."

Dariyarsa ta tsinke. Ya kalli sifana. Ya kalli gefen tukunyar inda ta lotsa wuri huɗu ko biyar. Ya kalli bandejin da ke hannun da ke zuba masa miya. Ita kuwa ko a jikinta, sai zaɓo masa tsoka take yi.

"Madame," ya ce a hankali, "wannan tukunya tana da tarihi."

"Sosai ma! Hervé ne ya yi mata mariƙin. Duk garin nan babu irinta."

"Na yarda. Babu irinta."

Ya ɗaga cokalinsa ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta sau ɗaya. Ƙarar ba ta da yawa, amma a nan na ga Maman ta gane. Ludayin ya kuɓuce mata ya nutse a miya.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Faranti biyu ya ci. Ya sa burodi ya suɗe miyar tas, ya yaba, ya ci cuku kala uku, ya sha kofi, mu uku muna zaune kamar masu zaman makoki. An kawo cuku, lokacin siyasa ya yi, amma babu wanda ya taɓo ta.

Ni na raka shi mota. Kafin ya buɗe ƙofa na tare shi.

"Ni ce. Ni na ɗauki tukunyar."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara mini wuyan shuɗiyar rigata da yatsa biyu. Na buge hannun.

"Kina da kirki, Solène, shi ya sa nake sonki. Amma hannun da na gani akwai zoben aure a jiki. Ki ce Madame ta sa ƙanƙara, yana rage kumburi."

Ya ja motarsa ya tafi, har da ɗaga mini hannu.

A kicin na sami Maman tsaye gaban famfo, ruwa na zuba, tukunyar na hannunta ba ta wankewa. Papa ya jingina da firji ya harɗe hannu.

"Maryvonne," ya ce, "shekara talatin ina jan ki zanga-zanga kina ce mini ciwon kai."

"Rufe mini baki, Hervé."

"Minti biyu cur! Mu dubu uku ba mu yi ko daƙiƙa ɗaya ba."

"Na ce ka rufe mini baki!" Sai ta fashe da kuka. "Kallo kawai na je yi. Na ce bari in ga fuskar mutumin da ya ɗauke mini ɗa. Tukunyar ma ban san lokacin da na sa ta a jaka ba. Sai na gan shi ya fito daga mota yana dariya, a kan filin da ka bar ƙarfinka, yana dariya, Tanguy kuwa kwana tara ban ji muryarsa ba. Hannuna ne ya yi, ba ni ba."

"To me ya sa kika kawo ta tebur, Maman?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "A me zan kawo naman? Ni fuskata na rufe. Wa zai yi tunanin rufe tukunya?"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Matar da na wuni ina rainawa ita kaɗai ce a garin nan ta rufe wa shugaban ƙasa baki, sannan ta dawo gida ta goge wa ɗan korensa cokula saboda ɗanta. Na rungume ta, tana warin lemon tsami da albasa. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

"Na kashe Tanguy," take ta faɗa a kafaɗata. "Da hannuna na yaga takardar nan."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna wayata ta yi ƙugi. Na hau sama na rufe ƙofa kafin na buɗe. Hoto ne ya fara shigowa: takarda mai ɗauke da sunan Tanguy da lambarsa, an buga komai, wurin sa hannu kaɗai ne fari fat. Sai saƙonni suka biyo, ɗaya bayan ɗaya.

"Abinci ya yi daɗi. Ki ƙara yi wa Madame godiya."

"Ni mutum ne mai saurin mantuwa, musamman abin da ya shafi surukai."

"Ranar Asabar jam'iyya za ta yi gangamin goyon bayan yaƙi a babban zauren gari. Muna neman 'yar'uwar soja ta yi magana. Minti biyu kacal, daidai da wanda aka ci mana. Na riga na rubuta miki."

"Ki sa shuɗiyar rigar. Idan kin sauko zan gabatar da ke ga ubangidana a matsayin wadda zan aura. Litinin da safe ya sa hannu."

Ku ji ɗan banza! Har da fuskar mai sumba a ƙarshe. Na rubuta masa zagin da ko a nan ba zan iya maimaitawa ba, layi shida, har da kakansa. Yatsana na kan turawa ke nan wani saƙon ya faɗo ta sama. Na murya ne, daƙiƙa goma sha ɗaya. Tanguy.

Muryarsa ta dushe, ana jin iska da ƙarar wani inji a bayansa. "Yaya Solène, ni ne. An ba mu waya na ɗan lokaci. Wai da gaske ne abin da Maman ta rubuto, na kusa dawowa? Kada ki gaya mata, amma jiya mun rasa mutum biyu a tantinmu. Ki ce ta ajiye mini naman Lahadi."

Na saurara sau huɗu. Sannan na goge layi shidan nan, harafi bayan harafi, na buɗe jawabin da Aymeric ya turo. Layin farko cewa yake: "Ina alfahari da shugaban da ya tura ƙanena."

Na tsaya gaban madubi cikin shuɗiyar rigata na buɗe baki in gwada. A daidai lokacin ƙara ta taso daga garejin ƙasa. Papa ne ya ɗauki guduma yana gyara lotsawar tukunyar Mamie. Kwam. Kwam. Kwam. Na kai "Ina alfahari" sau uku, sauran ya ƙi karantuwa.

Wayar ta sake haske a kan gado.

"Na ga kin karanta, tauraruwata. In sa sunanki a jerin masu magana?"